Kada ka biya kuɗin kwas ko ɗaya sai ka san makarantar da ka nufa: shawara ga ƙannenmu masu son karatun famasi a Amurka

Hutun Babbar Sallah da na yi a gida bana, da wuya a yi yammar da na zauna a ƙofar gidanmu a Tudun Wada ba a kawo mini maganar karatun famasi ba. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, ya tako da kansa bayan la'asar. Da muka gaisa ya ce 'yarsa ta tare a gidan mijinta a Amurka wata huɗu ke nan, tana son karatun haɗa magani, mijin kuwa injiniya ne, bai san kan abin ba. Na ce, "Baba, me ta karanta kafin ta tafi?" Ya ce ta yi shekara biyu tana karatun kimiyya a jami'a aure ya zo. Na ce, "To Baba, a kira ta yau, a ce kada ta yi rajistar komai, kada ta biya ko sisi, sai mun yi magana." Bayan kwana biyu sai ga wani matashi a kan babur daga Samaru, da digirinsa na famasi cikin ambulan, ya gama bautar ƙasa, takardun tafiyarsa wurin mahaifiyarsa sun kusa fitowa. Shi ma abin da ya ce ke nan: "Yaya, ta ina zan fara?"

Tambayar ɗaya ce a baki, amma ƙofar da kowannensu zai ƙwanƙwasa daban take. Abin da na faɗa musu shi nake son in rubuta a nan, saboda ƙannenmu da suka sauka kwanan nan, da iyayen da ke zaune a Zariya suna jiran labari. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma ƙanwata, har da ke nake.

Mu a gida mun san hanyar tun muna sakandare. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, sai JAMB, sai tantancewar jami'a, ka shiga aji ɗaya a Samaru. Shekara biyar ka fito da B.Pharm, ka yi shekara guda ta horo a asibiti irin na Shika, ka tafi bautar ƙasa. Wanda ya bi ta IJMB ya faɗa aji biyu kai tsaye. Daga 2016 da hukumar NUC ta amince da digirin famasi na PharmD mai shekara shida, jami'o'inmu suka fara karkata can, amma har yanzu daga sakandare ake shiga.

A Amurka famasi digirin ƙwararru ne da ake ɗorawa a kan wani karatun, kamar likitanci. Tun shekarar 2000 PharmD kaɗai hukumar tantance makarantun famasi, ACPE, take amincewa da shi a matsayin digirin shiga sana'ar. Galibi shekara huɗu ne. Kafin ka shige shi kuma sai ka yi shekara biyu ko uku a kwaleji kana tara wasu kwasa-kwasai da kowace makaranta ta jera a matsayin sharaɗi. Waɗannan shekarun na share fage su ne wurin da mutanenmu suka fi yin asarar kuɗi da lokaci, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Bari in fara sallamar mutumin Samaru. In ka riga ka gama digirin famasi a gida, hukumar PCN mai kula da sana'ar famasi a Nijeriya ta yi maka rajista, ba dole ne ka koma aji ba. Ƙungiyar hukumomin famasi na jihohin Amurka, NABP, tana da kwamiti mai suna FPGEC da ke tantance waɗanda suka yi karatu a ƙasashen waje. Sharaɗinsu na farko shi ne duk wanda ya kammala daga 1 ga Janairu 2003 zuwa yau, sai manhajar digirinsa ta kai shekara biyar. Digiri na biyu, ko horon da ka yi bayan ka kammala, yawanci ba sa cike gurbin. Don haka wanda ya shiga aji biyu ta IJMB ya adana takardarsa ta IJMB yadda ake adana takardar gona, domin ana iya neman ta wajen ƙirga masa shekarun. Sai ka ci jarrabawar Turanci ta TOEFL tukuna, takardunka kuma su wuce, sannan a ba ka damar zama FPGEE, jarrabawar da ke auna ilimin famasi na waɗanda suka yi karatu a waje. Wannan kwamitin ba ya yafe wa kowa TOEFL, ko da tun firamare da Turanci aka koyar da kai, kuma ɓangaren magana da baki shi ke kayar da mutane, don a ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi 26 cikin 30 suke nema. Sannan wadda ka rubuta a Abuja ko Kaduna ba ta shiga lissafinsu, sai ka sake zama a cibiyar da ke can. Daga nan sai awannin aiki ƙarƙashin famasis mai lasisi, jihohi da yawa awa 1,500 suke nema, sai NAPLEX, wato jarrabawar samun lasisin famasis, sai jarrabawar dokar magunguna ta jihar da za ka zauna. Hanya ce mai tsawo, amma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin shekara huɗu a makaranta ba. Wanda kuma ya fi son digirin Amurkan kansa, akwai makarantu irin su Nova Southeastern a Florida da ke da gajeren tsari na musamman ga masu digirin famasi na waje. Masu nufin Ingila kuwa nasu daban ne, kwas ɗin OSPAP na shekara guda ake yi sannan shekarar horo, a Kanada kuma hukumar PEBC ce ke riƙe da ƙofar.

Yaron da ya sauka yana ajin ƙarshe na sakandare, ko ya gama bai daɗe ba, yana da wata dama. Akwai makarantun da ke ɗauka kai tsaye daga sakandare a yi shekara shida a jere, irin su Rutgers a jihar New Jersey da St. John's a birnin Niyok. Shi ne tsarin da ya fi kama da namu. Sai dai kujerar ba gado ba ce, in maki ya faɗi ƙasa da abin da suka gindaya a shekara biyun farko ana iya rasa ta.

Yanzu sai 'yar Baba, da ire-irenta, waɗanda su ne mafi yawa a cikinmu: an taɓa jami'a a gida shekara ɗaya ko biyu, ko an gama digiri a bayokemistiri ko maikurobayoloji, ko kuma WAEC ce kawai a hannu an daɗe da barin aji.

Abin da kusan kowace makaranta ke nema bai wuce wannan ba. Kemistiri na gama-gari zango biyu, kemistirin oganik zango biyu, bayoloji zango biyu, duka da furaktikal ɗinsu. Maikurobayoloji, anatomi da fiziyoloji na ɗan Adam, fiziks, kalkulas, ilimin ƙididdiga. Sannan waɗanda 'yan kimiyyarmu ke rainawa: rubutun insha'i na Turanci, darasin magana a gaban jama'a, tattalin arziki, da wani abu daga ilimin halayyar ɗan Adam ko zamantakewa. Wasu su ƙara bayokemistiri. In ka haɗa za ka samu kiredit, wato ma'aunin nauyin kwas, 60 zuwa 90, wasu 'yan makarantun ma sai ka kammala digirin farko gaba ɗaya. Kwas mai lacca kaɗai yawanci kiredit 3 ne, mai furaktikal 4.

To ga inda gizo ke saƙar. Na ce "kusan", domin babu makarantu biyu da jerinsu ya zama daidai ƙwabo da ƙwabo. Wannan tana son fiziks zango biyu, waccan ɗaya ya ishe ta. Wannan ta karɓi furaktikal da aka yi ta intanet, waccan ta ce sai wanda ka tsaya da ƙafarka a ɗakin gwaji. Wata ta ce kwas ɗin kimiyyar da ya haura shekara biyar, ko bakwai, ko goma, ya tsufa sai an sake. Abin da ya fi shafarmu kuma, wasu suna karɓar kwasa-kwasan da ka yi a Nijeriya bayan an tantance su, wasu kuwa sun ce dole a kwalejin Amurka da aka amince da ita za ka yi su, ko da kana da digiri a fannin. Shi ya sa nake cewa daga ƙarshe ake farawa. Ka zaɓi makarantu uku zuwa biyar da za ka iya zuwa da gaske, bisa la'akari da inda iyalinka suke da abin da ke aljihunka. Ka buga jerin sharuɗɗan kowace a takarda. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace wasiƙa ta imel, ka faɗi sunan kwas da lambarsa da kwalejin da za ka yi shi, ka tambaya ko zai shiga. Amsar da suka ba ka a rubuce ka ajiye ta. Bayan haka ne za ka ciro kuɗi.

Ni ban yi haka ba, shi ya sa maganar take ci mini rai. Na sauka da shekara uku na jami'a a hannu. Wani bawan Allah da muke salla tare, da kyakkyawar niyya, ya ce in je kwalejin gundumarmu in fara da kemistiri. Na je na ga kemistiri har kala biyu a jerin, sunansu kusan ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta. Na ɗauki wanda lokacinsa ya dace da aikin daren da nake yi. Wata huɗu ina fita daga aiki da asuba ina wucewa aji, na ci A. Sai da na zo cike takardun nema aka gaya mini wannan an tsara shi ne don ɗaliban jinya, makarantun famasi kuwa na masu karanta kimiyya zalla suke nema. Kuɗin ya tafi, amma abin da ya fi ciwo zangon ne, domin duk abin da ke bayansa sai da ya ja baya.

Ka fahimci wannan jan bayan sosai. Kemistirin nan huɗu sarƙa ce: ba a ba ka na biyu sai ka ci na farko, ba a ba ka oganik sai ka gama na gama-garin duka biyu. Zango huɗu ke nan, shekara biyu cur, sai dai in ka cusa ɗaya a zangon bazara, wanda ake dunƙule karatun wata huɗu cikin 'yan makonni. Kafin ma a bar ka ka shiga kemistirin farko, kwalejoji da yawa sai sun gwada lissafinka sun ga ka kai wani mataki. Mutum ya bar lissafi shekara shida, ya shiga gwajin nan ba shiri, sai a mayar da shi aji biyu baya, ya ƙara shekara guda a kan tafiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu wata ɗaya ka tashi aljabararka ta SS2 da SS3 kafin ka zauna gwajin. Idan an buɗe rajista kuma, kemistiri da lissafi za ka fara kamawa, sauran irin su tattalin arziki ka riƙa cusa su a duk inda aka samu gurbi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci su sani cewa azuzuwan koyon Turanci na baƙi ba sa maye gurbin insha'in da ake nema, matakala ce kawai zuwa gare shi.

Kwalejin gunduma, wadda ake yin shekara biyu, ita na fi ba sabon zuwa shawara. Ta fi araha nesa ba kusa ba, azuzuwan ƙanana ne, akwai na dare, kuma yawancin makarantun famasi suna karɓar kiredit ɗinta. Abin kula ɗaya: wasu kwalejoji shekararsu zango biyu ce, wasu kashi huɗu suke raba ta, kuma kiredit ɗaya na mai zango biyu daidai yake da ɗaya da rabi na ɗayar. Kada lissafin ya ruɗe ka.

Sai maganar maki, wadda nake so iyaye ma su ji. A gida wanda ya ci 70 ya ci A, har a yi masa barka. A yawancin azuzuwan Amurka A daga 90 take farawa, B daga 80, shi kuwa 70 ɗin nan C ne, wato mafi ƙarancin abin da makarantun famasi ke karɓa a kwas ɗin sharaɗi. Wasu ma C mai alamar ragi ba sa karɓa. GPA ɗinsu kuma a kan 4.0 ake auna shi, ba 5.0 irin namu ba. Yadda makin ke taruwa shi ma daban ne. Mun saba da kaso mafi tsoka yana jarrabawar ƙarshe, mutum ya yi sanyi tsawon zango, saura mako biyu ya kwana a aji da handawut ya fita. A can kowane mako akwai ɗan gwaji, akwai aikin gida, akwai rahoton furaktikal, kowanne da makinsa, kuma ranar farko malami zai miƙa maka takardar da ta jera su duka da ranakunsu. Wanda ya yi sakaci wata guda, ko ya cinye jarrabawar ƙarshe duka ba zai ga A ba.

Abin da ya sa nake nanata wannan: makin da ka ci a zangonka na farko, lokacin da ba ka gama gane motar haya ba, sanyi yana dukanka, kewar gida tana damunka, zai bi ka har ranar da za ka nemi shiga. Cibiyar PharmCAS, wadda ake neman shiga makarantun famasi ta hannunta, tana lissafa duk zaman da ka yi wa kwas, na farkon da ka faɗi da na biyun da ka gyara, ko da kwalejinka ta goge na farkon daga nata lissafin. Saboda haka kada ka ɗora wa kanka kaya da yawa da farko. In ka ga kwas zai kayar da kai, akwai ranar da aka ƙayyade wadda in ka janye kafinta za a rubuta maka W kawai, ba ta taɓa GPA. Ka san ranar tun makon farko. Kuma ka riƙa zuwa ofishin malami a awannin da ya ware. Mu an tarbiyyantar da mu da jin nauyin malami, ba ma son mu dame shi. A can zuwan ne ke nuna kana da himma, kuma malamin nan shi za ka roƙa ya rubuta maka takardar shaida nan da shekara biyu. In bai san fuskarka ba, me zai rubuta? Haka nan kada ka kwafi rahoton furaktikal na abokinka, kada ka ba shi naka. Abin da muke ɗauka taimakon juna ne, su laifi ne da ake rubutawa a fayil, kuma takardar nema tana tambaya a kansa.

Na san dole ka yi aiki, ga haya, ga 'yan gida suna sa rai. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Zangon da za ka yi oganik, ka rage awannin aiki, ka faɗa wa na gida gaskiya cewa aike zai ragu na wata huɗu. Aikin da ya fi dacewa da kai kuwa shi ne mataimakin famasis a kantin magani irin CVS ko Walgreens, ko a asibiti. Akwai jarrabawar hukumar PTCB da ke ba da shaidar ƙwarewa, ana shiga ta bayan kwas ɗin horo da suka amince da shi ko awa 500 na aiki. A nan za ka koyi sunayen magungunan da suke amfani da su, ka ga yadda inshorar lafiya ke juya komai, kunnenka ya saba da Turancin tsofaffi a waya. A nan kuma za ka gane ko sana'ar ta kwanta maka. Mu a Zariya in an ce magani, kemis ɗin unguwa ke faɗo mana a rai, ka faɗi ciwonka a ƙirgo maka ƙwaya. Famasis a can yini yake a tsaye yana duba takardun likitoci, yana kiran asibiti in ya ga magani biyu za su yi karo, yana yi wa mutane allurar rigakafi. Gara ka gani da idonka kafin ka ci bashi a kansa.

Neman shigar kansa bai kai share fagen wuya ba. Yawancin makarantu ta PharmCAS ake nemansu, fom ɗaya ta intanet da ake rarraba wa duk waɗanda ka zaɓa. Ana buɗewa a watan Yuli don shiga a Agustan shekara mai zuwa, kuma da yawa suna cike kujeru ne yadda takardu ke isowa, don haka da sanyin safiya ake kama fara. Ba sai ka gama duk kwasa-kwasan ba kafin ka nema, ana yarda ka ƙarasa ragowar kafin a fara karatu. Za a nemi takardun shaida biyu ko uku, an fi son ɗaya daga malamin kimiyya, ɗaya daga famasis da ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ta limamin masallaci ko kawunka ba ta da nauyi a nan, duk girmansu a wurinmu. Akwai ɗan rubutu a kan dalilin da ya sa kake son sana'ar. Kada ka cika shi da manyan kalmomi. Ka rubuta abin da ka gani: kakar da ke raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai ƙarshen wata, ko jabun maganin zazzaɓi da ya kusa kashe ƙaninka, in dai ya faru da gaske. Wanda ya ce maka ka sayi littattafan shirin PCAT, tsohuwar jarrabawar shiga makarantun famasi, kuwa labarinsa ya tsufa, an daina jarrabawar tun Janairun 2024. Sai ganawa ta baki. A nan kunyarmu ke cutar da mu, domin sunkuyar da kai da muke yi don ladabi su rashin tabbas suke ɗaukarsa. Ka ɗaga kai, ka faɗi abin da ka yi ba tare da ƙanƙan da shi ba. Ƙanwata, in ba kya musabaha da maza, ki ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi ki faɗa a taƙaice, sun saba gani.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce samun gurbi ya yi sauƙi fiye da da. A wajajen 2000 makarantun famasi kusan 80 ne, yanzu sun kai kusan 140, masu nema kuma sun ragu. Don haka kada murnar an ɗauke ka ta rufe maka ido. Ka duba matsayin makarantar a wurin ACPE, cikakkiyar amincewa ce ko tana ƙarƙashin gargaɗi. Ka duba kaso nawa na ɗalibanta ke cin NAPLEX a zaman farko, da kaso nawa ke gamawa a kan lokaci, wajibi ne su wallafa waɗannan alƙaluma. Howard a birnin Washinton, Jami'ar Maryland a Baltimore, da Texas Southern a Houston duk suna garuruwan da 'yan Nijeriya suke da yawa, ga masallatai ga abincin gida, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a tafiyar shekara huɗu. Amma su ma da wannan ma'aunin za ka auna su.

Kuɗi kuwa ya danganta da irin takardar zamanka. Mai katin zama na dindindin yana iya cike fom ɗin FAFSA ya nemi tallafi da rancen gwamnatin tarayya, kuma in ya cika shekara guda a jiha, yawanci zai biya kuɗin 'yan jiha a jami'ar gwamnati, wanda ya fi na baƙi sauƙi ƙwarai. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba shi da wannan, dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 kowane zango a matakin share fage, aikinsa kuma cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Matar da ta biyo miji ɗalibi a kan F-2 ba ta da izinin aiki ko cikakken karatu sai ta sauya biza. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta kuma ƙayyade rancen masu irin wannan digiri daga Yulin 2026, dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya. Rancen nan da ruwa yake. Ba zan yi maka fatawa ba, amma ina roƙonka ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa tun kana share fage, kada ka bari sai takardar ɗauka tana hannunka zuciya ta riga ta tafi. Ka kuma sa a lissafi cewa shekarar ƙarshe kusan duka a asibitoci da kantuna za ka yi ta, aƙalla awa 1,440, ba albashi, kana kuma biyan kuɗin makaranta.

Wajen addini, abin da na gani shi ne mai tsari tun wuri ba ya shan wahala. Furaktikal yakan ci awa uku a jere, to ka yi rajista da wuri ka zaɓi rukunin da bai faɗa kan Juma'a ba. Hijabi ba ya hana shiga ɗakin gwaji, sai dai a cusa gefensa cikin farar riga saboda wuta. Za ka haɗu da kwanson magani na gelatin, da maganin tari mai ɗan sinadarin barasa, da heparin da ake samowa daga hanjin alade. Sanin waɗannan zai sa ka zama mai amfani ga al'ummarmu a can, domin kai za su riƙa kira suna tambaya.

Saura abin da ya kamata a yi a nan Zariya, ko kafin ka tashi ko ta hannun wakili. Takardar sakamakon jami'a ba a karɓarta daga hannunka, makarantarka ce za ta aika kai tsaye zuwa cibiyar tantancewa irin WES, kuma ka nemi tantancewar kwas bayan kwas, ba ta digiri a dunƙule ba. Zuwa da kai ya fi aike, in kana gari ka fara bin maganar da kanka. Ka samu littafin sashenku mai bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa, domin wanda ke zaune a ofis a Texas bai san abin da lambar kwas ɗinku take nufi ba sai ya karanta. Ka jera takardunka duka a tabarma ka duba sunanka: Muhammad a WAEC, Mohammed a fasfo, sunan gari a wata, sunan mahaifi a wata. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfutarsu ba ta sani ba. Ka yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu. Katin rigakafinka na yarinta ma ka neme shi wurin Inna. Kafin a bar ka ka taɓa majinyaci za a nemi shaidar rigakafi, ta ciwon hanta nau'in B kuma a tsarin da aka saba allura uku ce cikin wata shida. Gwajin tarin fuka na fata yana iya nuna kamar kana da shi saboda allurar BCG da aka yi mana muna jarirai, don haka ka faɗa musu, ka nemi gwajin jini.

'Yar Baba mun yi magana da ita a waya daren da ya zo, mijinta yana gefe yana rubutawa. Makarantu uku ne a tazarar da za ta iya zuwa daga gidansu. Ta rubuta musu duka. Biyu sun ce za su duba bayolojinta da fiziks na gida in an tantance, ɗaya ta ce sai ta sake komai, sai ta cire ta daga lissafi. Kemistiri dai ta yanke shawarar farawa daga tushe, don ta ce ta manta da yawa. Ta ɗage gwajin lissafinta da mako uku tana bita. Ana gobe zan koma, Baba ya aiko jikansa da littafin sashensu, wanda ya sa aka nemo aka yi masa hoto a wani shago a Samaru, shafi arba'in da wani abu, an ɗinke shi da zare, ya ce in taya shi kai mata.